Satar Tulu Mai Gumi

A bazarar shekarar alif ɗari tara da hamsin da huɗu aka yi wa Goni Bukar sata a Madabo, kuma kafin a kira azahar unguwar ta riga ta yanke hukunci. Mutanen Madabo suna da karatu, amma ban taɓa ganin karatun ya rage musu sauri wajen zargi ba.

Abin da ya ɓata tulu ne, amma ba na ruwan sha ba. Goni ya sayo shi a Sudan kan hanyarsa ta dawowa daga Makka: ɗan farin tulu na yumɓu da ake ɗauka da hannu ɗaya, da murfin tagulla mai huje-huje kamar rariya. Ana zuba masa ruwa, a ɗiga humra a ciki, turaren nan na Barebari, a ajiye shi a alkuki. Ruwan sai ya dinga tsattsafowa ta jikin yumɓun kamar gumi, iska tana kwashewa. Ɗakin karatun Goni ɗan ƙarami ne, yana tsakanin zaure da cikin gida, ba shi da taga sai wata kafa da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta bi. Da can, wanda ya shiga tsohuwar fata yake shaƙa da kashin jemage. Da tulun ya zo sai ɗakin ya yi sanyi ya yi ƙamshi, har mutanen da ba su taɓa sha'awar nahawu ba suka fara zuwa darasi da tsakar rana.

Ran Alhamis da hantsi Goni ya dawo daga jana'iza ya tarar babu tulu a alkuki. Wadda aka ɗora wa laifin 'Yardada ce, dillaliyar da ke haɗa humra tana bi gida-gida tana sayar wa matan aure. Ita ta zuba wa tulun sabon haɗi ran Laraba, kuma ba ta da miji ko ɗa namiji da zai tsaya mata. Wannan ya ishi Madabo hujja. Goni ya ce idan tulu bai fito ba zai kai ta gaban alƙali ran Asabar. Ya kuma ja kunnen kowa kada labarin ya isa Sheshe wurin yayarsa, Ya Falmata, wadda ta goya shi, wadda kuma ita kaɗai ce halittar da yake tsoro.

* * *

Ran Juma'a da safe 'Yardada ta yi sallama a zaurena. Ƙawar matata Zara ce, Allah ya ji ƙanta. Ina jin kuma ta zaɓe ni ne don ni kaɗai ne a unguwar ba ni da matar da zan hana ta gani.

"Malam Jibrin," ta ce, "tun jiya duk gidan da na je sai a aiko a ce mini matan gida suna barci."

"Da hantsi?"

"Da hantsi. Wani gidan ma ina jin dakan sakwara ana ce mini barci ake." Ta gyara kwandon kwalabenta. "Ni ba alƙali nake tsoro ba. Ba ni da shago, Malam. Ƙofofin mutane su ne shagona. In suka rufe, na tashi."

Ban yi mata alkawari ba, don na daina wannan tun da daɗewa. Na dai sa takalmina na nufi Ƙofar Nassarawa wurin Yero.

Yero Bafulatani ne, mai bin sawu. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanun sata har ƙasar Damagaram, ya tsufa ya zauna a birni yana kiwon tumaki biyu da ra'ayoyi masu yawa. Da ya ji Babarbare aka yi wa satar sai ya miƙe tun ban gama ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni: kowa yana kiran ɗayan bawansa, kuma duk abin da aka faɗa, ba a fushi.

* * *

"Salamu alaikum, bawana," in ji Yero a bakin zauren Goni. "An ce an sace maka tukunya."

Goni ya ɗago kai daga allonsa. "Wa ya kawo mini mai warin nono gida?"

"Ai don ni ka sayi tulun. Ka san wata rana ubangidanka zai kawo ziyara."

"Shiga ka duba, amma kada ka taɓa littafi. Babu hoton saniya a ciki."

Muka shiga ɗakin. Yero ya dubi ƙasa ya yi tsaki. Madabo gaba ɗaya ta riga ta shigo jaje da ƙafafunta, babu sawun da wani bai taka ba. Ya ɗaga gefen tabarmar da ke jikin bango, ya daɗe yana kallo, ya mayar. Sannan ya tsaya a gaban alkuki.

"Wa ya zuba toka a nan?"

"Haka na tarar," in ji Goni.

Yero ya tura tokar da yatsa. Ƙarƙashinta akwai zagayen danshi inda gindin tulun yake zama. Wani ya goge wurin, ya barbaɗa toka don ta tsotse sauran. Yero ya nuna wani tsohon littafi da aka ɗora can sama, nesa da danshin.

"Wannan littafin fa, a nan saman yake zama?"

"A'a, a gefen tulun yake. Na mahaifinmu ne."

"Murfin kuma?"

Murfin tagullar yana can ƙuryar alkuki. Goni ya ce ai wayo ne na 'Yardada, ta san duk kasuwar Kurmi an san murfin, shi ya sa ta bar shi.

"Haka ne," in ji Yero. "Ta kuma wanke maka shi ta kife ya tsane, don kada ka sha wahala. Na bi ɓarayi shekara da shekaru, bawana, ban taɓa gamuwa da mai ladabin wannan ba. Ya bar tagulla ya ɗauki yumɓu, ya yi shara, ya ɗauke littafi daga danshi. In ka kama shi ka ba ni aronsa, gidana yana buƙatar gyara."

* * *

Mun sami 'Yardada zaune a inuwar katangar masallaci, kwandonta a rufe. Yero ya tsuguna a gabanta.

"Ran Laraba da kika zuba humra, kin goge alkukin?"

"In goge me?"

"Danshin."

"Baba Yero, ai danshin shi ne aikin. Bangon ma da ya jiƙe ƙamshi yake bayarwa. Wanda ya san tulun nan ba zai goge ba."

"Bayan ke, wa ya san shi?"

"Goni, da ɗalibansa. Su ma har shafa jikinsa suke su goga a gemu."

A nan ne muka ji hayaniya. Wasu masu kishin gaskiya sun yanke shawarar bin ɓarawo da hanci, sun kama Isiyaku mai ɗinkin hula saboda rigarsa tana ƙamshin humrar tulun. Yero ya je ya bi masu kamun ɗaya bayan ɗaya yana shinshina, ya sanar da cewa dukkansu ƙamshin suke yi, har da wanda ya riƙe wuyan rigar. Ba abin mamaki ba ne. Matansu duka wurin 'Yardada suke saye. Aka saki Isiyaku, kowa ya watse yana shinshina hannun rigarsa a ɓoye.

Ladan ne ya ja mu gefe ya ba mu labari mai nauyi. Ran Alhamis, ana jana'iza, ya ga Ashafa magini ya fito daga gidan Goni da wani abu rufe da faifai, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

* * *

Ashafa yana kan katangar bayan gidan Goni yana yaɓe kafin ruwa ya sauka. Hannuwansa sun yi ja har gwiwar hannu saboda makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafa wa katanga da daɓe don kada ruwa ya ci su.

"Sauko," in ji Yero.

"Daga nan ma ina ji, Baba."

"Me ka fitar a ƙarƙashin faifai jiya?"

"Makuba ce a ƙwarya. In ba a tafi a hankali ba zubewa take."

"Ina ka kai?"

"Sheshe."

"Gidan wa?"

Ashafa ya dubi ƙofar gidan Goni, ya dubi sama, ya dubi laka. "Baba Yero, ni magini ne. Rabin katangun gidan nan ban gama ba. Akwai sunan da in ya fito daga bakina cikin maganar sata, sai dai in koma Fagge da neman aiki. An aike ni, na kai. Ban tambayi dalili ba, don ba a tambayarta."

Muka bar shi. Da muka sha kwana Yero ya tsaya ya jingina da sandarsa.

"Malam, na san mutumin. A ƙarƙashin tabarma akwai sawun da ba a taka ba: ƙaramar ƙafa mai jingina hagu, da gurbin sanda a gefenta. Abin da ban sani ba shi ne dalili. Me tsohuwa za ta yi da tulun ƙaninta da ƙwaryar makuba? Ba gini take ba."

Wannan ni na sani, kuma ba a littafi na gani ba. Duk lokacin da Zara ta sayo sabuwar tukunya ta ga tana tsattsafo, sai ta ɗora ta a wuta ta yi zafi, ta yarfa mata makuba ciki da waje. Tukunyar ta yi ja, ta yi sheƙi, ba ta ƙara zubar da ko ɗigo. Haka uwarta ta koya mata, haka kowace macen kirki a birnin nan take yi. Na gaya wa Yero.

Ya dube ni, ya zauna a kan dakalin wani gida, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Ashe ba sata aka yi wa bawana ba. Gyara aka yi masa."

Ni ban yi dariya sosai ba, don na hango inda gizon yake. Matan gidan Goni lalle sun ga shigarta da fitarta, amma wace matar aure ce za ta ambaci yayar mijinta a maganar sata? Ashafa ba zai faɗa ba. Ni in na faɗa, Goni ba zai ƙara amsa sallamata ba, abin da ba zai dame ni ba, amma ba zai wanke 'Yardada ba. Ita kuwa tsohuwar ba ta ma san ana neman tulu ba, tunda an hana kowa gaya mata.

"Duk Madabo babu mai bakin da zai tambaye ta," na ce.

"Shi ya sa Allah ya halicci Fulani," in ji Yero. "Ka tara mini su bayan la'asar."

* * *

Zauren Goni ya cika. Ga ladan, ga Isiyaku da wuyan rigarsa a yage, ga Ashafa can kusa da ƙofa inda gudu zai yi sauƙi. 'Yardada ta zauna a gefe da kwandonta, an bar mata fili mai yawa. Goni yana kan buzunsa yana jan carbi da ƙarfin da carbin bai saba ba.

Sai muka ji ƙwanƙwasar sanda. Ya Falmata ta shigo tana jingina hagu, hannunta ɗaya a cikin mayafi, Yero a bayanta. Goni ya miƙe zumbur.

"Ya, me ya fito da ke cikin ranar nan?"

"Ka ce me?" Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya.

"Na ce sannu da zuwa."

"Wannan ɗan Fillon ne ya ce ana taro a gidanka ba a gaya mini ba. Da ma ina da niyyar zuwa."

Aka shimfiɗa mata tabarma. Yero ya tsaya a tsakiya. Ya ce Isiyaku ba shi da laifi sai na auren mace mai son ƙamshi. Ya ce Ashafa bai ɗauki komai ba sai makubarsa. Ya ce 'Yardada ta san tulun, wanda ya ɗauke shi kuwa bai san shi ba, don ya ga gumi ya zaci ciwo ne. Sannan ya juya, ya sunkuya daidai kunnen tsohuwar, ya ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Saura ɓarauniya. Falmata baiwata, ina tulun da kika sace?"

Carbin ladan ya faɗi ƙasa. Da wani ne ya faɗi haka, da ba a gama zancen ba sai a gaban mai unguwa.

Ya Falmata ta dube shi sama da ƙasa. "Ɓarawon shanu ne yau yake kiran wani ɓarawo? Ku da kuke kwana da 'yan maruƙa a ɗaki ɗaya, me kuka sani game da tulu?"

Ta fito da hannunta daga mayafi ta dire shi a tsakiyar zaure. Ya yi ja wur, yana sheƙi kamar goron da aka wanke.

"An cuci Bukar a Sudan," ta gaya wa jama'a. "Sun ga baƙo sun sayar masa da tulu mai yoyo ta ko'ina. Na shiga in gaishe shi ba ya nan, na tarar abin yana jiƙa littafin babanmu. Mata cike da gida, babu wadda ta iya gyara tukunya. Na gasa shi, na shafe shi ciki da waje. Tun jiya da ruwa a ciki, ku taɓa ku ji."

Ladan ya taɓa. A bushe yake ƙayau. Ya kai hanci, babu abin da ya ji sai ɗorawa.

Na ga malamai sun rasa 'ya'ya sun yi haƙuri, amma ban taɓa ganin fuska irin ta Goni a wannan lokacin ba.

"Ya," ya ce a hankali, "ai gumin nan shi ake so."

"Ka ce me?"

Goni ya ɗaga murya. "Na ce Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ka dinga tambaya kafin ka sayi abu."

Goni ya juyo ga jama'a, ya sassauta murya. "To, alhamdu lillahi, tulu ya fito. Wanda ya tambaya a ce an same shi a cikin gida. Magana ta mutu a nan."

Mutane suka fara neman takalmansu. Sai 'Yardada ta yi magana, karo na farko tun da aka zauna.

"Allah gafarta Malam, in aka ce an same shi kawai, cewa za a yi tsoron alƙali ya sa na dawo da shi a ɓoye. Matan gida za su ci gaba da barci."

Goni ya sunkuyar da kai yana duban carbinsa. Yero ya sake sunkuyawa daidai kunnen tsohuwar.

"Kin ji aikin bawana? Tun jiya ya ce wannan baiwar Allah ce ta sace tulun. Gobe zai kai ta wurin alƙali. Duk unguwa an rufe mata ƙofa, kuma ya hana a gaya miki."

Ya Falmata ta daɗe tana duban ƙaninta. Goni, wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, ya koma kamar yaron da aka kama da hannu a tukunyar miya.

"Bukar."

"Na'am, Ya."

"Ka kira 'yar mutane ɓarauniya a kan tukunya mai yoyo?"

"Ya, ban san..."

"Ɗauki tulun. Sa takalminka."

* * *

Abin da ya biyo baya Madabo ba ta manta shi ba. Ya Falmata ta kama hannun 'Yardada suka bi unguwar gida-gida. A kowane gida su biyun su shige ciki, Goni ya tsaya a zaure da jan tulu a hannu yana yi wa maigidan bayani. Daga ciki kuwa ana jiyo muryar tsohuwar tana gaya wa mata cewa ita ta ɗauka, ita ta gyara, kuma duk wadda ke da tukunya mai yoyo ta aiko Sheshe. Yero yana biye da su a baya, yana tuna wa Goni duk gidan da ya yi niyyar tsallakewa. Ba a sami gida ɗaya da ake barci ba. Kafin magariba kwandon 'Yardada ya zama wayam, don babu abin da ke sa mace sayen turare kamar kunya.

Tulun bai ƙara gumi ba. Goni ya mayar da shi gidan tawada, kuma an ce tawada ba ta bushewa a cikinsa. Ɗakin karatun ya koma warinsa na da, masu sha'awar nahawu na tsakar rana suka ragu zuwa adadinsu na gaskiya.

Bayan 'yan kwanaki 'Yardada ta ajiye mini 'yar kwalbar humra a zaure. Na ce mata ba ni da wanda zan yi wa ƙamshi. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

A bayan ƙofar ɗakina akwai wani ƙaramin tulu da Zara ta sayo a makonta na ƙarshe da lafiya. Ta jiƙa ɓawon ɗorawa, ba ta kai ga shafa masa ba. Na wanke shi, na zuba ruwa, na ɗiga humrar, na ɗora shi a alkuki kusa da littattafaina. Yana jiƙa bango, yana ɓata mini takardu. Ban gaya wa kowa a Sheshe ba.